Matar Da Ke Yaɗe Maiƙo

Duk wanda ya taɓa cin abincin rana a masana'antar takalma ya san ƙarar ludayinta a bakin tukunya. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. In an ji haka to layi ya buɗe, Mai Ludayi ta gama. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, ɗankwalinta a ɗaure tamau har bisa gira, bayan hannunta duk tabon ƙuna. Ta daɗe a kicin ɗin nan har waɗanda ta fara zuba wa abinci suna samari, yanzu 'ya'yansu ne ke miƙo mata faranti. Sunanta na yanka kuwa, ko manaja sai ya yi dogon tunani kafin ya tuno.

Hali ɗaya kowa ya san ta da shi: ba ta shiri da maiƙo. In miya ta nuna sai ta sauke, ta bar ta ta huce kaɗan, sannan ta tsaya a kanta tana yaɗe man da ya taso, a hankali, kamar mai cire wa yaro haki a ido. Ta tara shi a gwangwani ta ture can ƙarƙashin tebur.

"Haba Inna," in ji Mai Walda, wani ƙato da bai taɓa wuce layi bai tsokane ta ba, "wannan miya ce ko ruwan ɗaurayar tukunya? Ki bar mana ko ɗigo ɗaya mana, mu ga fuskarmu a ciki."

"In fuskarka kake son gani, ga madubi can a banɗaki. Matsa, na bayanka yunwa yake ji."

"Wallahi tun da na fara cin girkinki wandona ke zamewa."

"Sai ka gode wa Allah. Da can maɓallinsa kuka yake yi."

Ba haka ta taso ba. Mijinta direban babbar mota ne, mutum mai dariya har da ƙwalla, in ya dawo daga doguwar tafiya ba abin da yake so kamar nama mai kitse. Ita ce ma ke zaɓar masa inda ya fi kitsen, ta tura gefensa na kwano, ya ci yana lasar yatsu yana rantsuwa duk garuruwan da ya ratsa bai ga mai hannu irin nata ba. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaure takalmi, sai ya dafe ƙirji. A asibiti wani likita da ke sauri ya gaya mata a tsaye, a bakin ƙofa, cewa kitse ne ya toshe masa hanyoyin jinin zuciya. Bai ƙara komai ba ya wuce, ita ma ba ta tambaya ba. Ta koma gida da takalmansa a leda da wannan magana guda, ta riƙe ta kamar wasiyya. A lokacin 'yar autarta ko tafiya ba ta fara ba. Da ludayin nan ta ciyar da 'ya'ya uku, ta kai su makaranta, ta aurar da su, kuma babu wanda ya sake ganin mai yana yawo a kwanonsa.

Auta ta girma ta zama tela, ta auri wani mai gyaran wutar lantarki. Cikinta na fari yana wata bakwai jininta ya hau, aka shiga da ita tiyata aka ciro yaro. Bakwaini.

Mai Ludayi ta fara ganinsa ne ta gilashin kwalba, akwatin ɗumin nan da ake sa irinsu. Ɗan abu ja, fatarsa kamar aro ya yi ta yi masa yawa, haƙarƙarinsa na hawa da sauka, ga siririn tiyo an zura masa a hanci. Ta daɗe tana kallonsa. Can ta kara bakinta kusa da gilashin.

"Maigida, kai ne ka kasa haƙuri ka fito tun ba a kira ka ba? To ga matar taka. Ka gan ni dai, tsohuwa ce, kuma ba a canzawa."

Nas ɗin da ke kula da ɗakin, wata doguwa mai tabarau da kowa ke kira Sista, ta yi mata bayani. Yaron ba shi da ƙarfin tsotso tukuna, don haka ta tiyon za a riƙa ba shi nonon uwarsa. Kullum da safe za a ɗora shi a sikeli. In nauyinsa ya riƙa hawa, wata rana zai fita daga kwalba ya tafi gida. In kuma bai hau ba, to. Sista ba ta ƙarasa ba. Mai Ludayi ta san irin wannan shirun, ta taɓa jin sa a bakin wata ƙofar.

Aka sallami Auta, amma ɗinkin tiyatar ya ƙi ba ta lafiya, ko matakala uku ba ta iya hawa sai ta tsaya. Uwar ta ɗauke ta zuwa gidanta. Asibiti suka ba su 'yan robobi masu murfi. Auta ta tatsa a ciki a sa a firiji, Mai Ludayi kuma ta jera su a cikin kula mai ƙanƙara, ta biya ta asibiti da sassafe kafin ta wuce aiki.

Ran farko da ta buɗe firijin ta ɗaga roba ɗaya, ta kawo ta kusa da ido. Nonon ya rabu biyu. Na ƙasa fari ne mai ruwa-ruwa, a sama kuwa wani abu mai kauri, mai ɗan launin gwaiduwa, ya kwanta har ya yi zobe a jikin robar. Ba ta buƙaci kowa ya gaya mata ko mene ne ba.

"Au, har nan ka biyo ni?" ta ce da shi ƙasa-ƙasa.

Ta tuna direbanta, mutum kamar bango, abin nan ya kayar da shi yana ɗaurin takalmi. To ina ga wanda jijiyoyinsa ba su kai zaren keken Auta kauri ba? Ina ga ɗan tiyon nan na hanci? Ta ɗora ruwa ya tafasa, ta jefa ƙaramin cokalin shayi a ciki, ta wanke hannu har gwiwa. Ta bi robobin ɗaya bayan ɗaya ta yaɗe su tas, har zoben jikin robar sai da ta kankare. Ba ta gaya wa kowa ba. Ba wai ɓoyewa ta yi ba. Ai ba a shelar an tsince shinkafa kafin a dafa.

Haka ta yi ta yi kowace safiya, da alwalarta da addu'arta. Sikeli kuwa ya tsaya cak. Yau ya ɗan motsa, gobe ya koma inda yake. Jaririn da ke kwalbar kusa da tasu, wanda suka zo tare, har an fara sa masa riga. Nasu yana nan, barci kawai, kukan ma da ƙyar.

Wata safiya Sista ta ɗaga robar ta duba a hasken taga, ta ɗan yamutsa fuska.

"Inna, ki gaya wa mai jego ta riƙa tatsa har sai nonon ya yi laushi sarai. Kada ta tsaya da wuri, domin..."

Wata na'ura ta fara ƙara a ƙarshen ɗakin, Sista ta ajiye robar ta tafi da gudu. Dalilin bai fito ba.

Mai Ludayi ta kai saƙo yadda aka ba ta. Auta ta riƙa tatsa har sai hawaye sun zubo mata, tana cije leɓe. Washegari abin saman nan ya ninka kauri.

"Ikon Allah! Me yarinyar nan ke ci a bayan idona?"

Sai ta ƙara matsa wa girkin gida. Ta daina sa mata ko ɗigon mai, kifi ta saɓule masa fata, ƙwai ta cire gwaiduwar ta ba ta farin kaɗai. Da safe kuma cokali ya yi aiki ninki biyu.

Ranar hutun mako matar babban ɗanta ta zo dubiya da nata jaririn a baya, wanda ya cika wata tara cif a ciki, yanzu yana wata na huɗu a duniya, kumatu har sun ɓoye wuya. Mace ce mai kirki, sai dai bakinta na riga tunaninta fita.

"Auta, ni fa nawa har zuba yake, riga uku nake canzawa. Ki bari in tatsa a kai masa mana. Dubi wannan ƙaton, ko cinyarsa ba na iya zagayewa da hannu."

Auta ta kalli yaron, ta kalli robar da ke hannunta.

"Ƙila gaskiyarki ce, Matar Yaya. Inna, ki kai masa nata. Cikina ya kasa riƙe shi, ga shi nonona ma ya kasa. Ruwa ne kawai nake ba shi."

"Rufe min baki! Wa ya ce ruwa ne?"

"Sikeli ya ce."

Mai Ludayi ta miƙe. Ta tattara kwanuka ta fita, ta yi ta wanke abin da ta riga ta wanke.

Da safe ta sami Sista da maganar, a ɗan ɗakin da ake ajiye nono. Sista ta girgiza kai tana karɓar kular.

"Nonon surukarki mai kyau ne, amma na ɗanta ne, wanda ya cika wata tara a ciki, ya kuma kwana biyu a duniya. Da a ce babu na uwarsa, da mun duba wannan hanyar, da gwaji da komai. Amma jikin macen da ta haifi bakwaini ya san bakwaini ta haifa. A makonnin farko nononta ya fi yawan abin gina jiki, mayukan cikinsa ma sun ɗan bambanta, akwai irin waɗanda ɗan cikin nan nasa ke iya narkarwa ba wahala. Ke mai girki ce, abin da kike dafa wa mara lafiya shi kike dafa wa ƙato?"

"Ina fa."

"To haka abin yake. Shi ya sa na rasa gane me ke faruwa da naku."

Ta buɗe firijin asibitin za ta jera robobin. Mai Ludayi ta leƙa ta gefen kafaɗarta. Robobin sauran mata ne a jere, kowace da sunan uwa a jiki, kuma kowace ɗaya da abin nan a samanta, ya kwanta da kauri abinsa. Ranta ya ɓaci. Ta gyara tsayuwa irin wadda take yi in ta kama mai wanke-wanke ya bar maiƙo a faranti.

"Sista, ki yi haƙuri, ba raini ba ne. Amma ku a nan ba kwa yaɗewa? Haka kuke ɗura wa 'ya'yan mutane?"

"Yaɗe me?"

"Maiƙon mana! Dubi wancan, dubi wancan. Ni ba na kawo muku ko ɗaya sai na kwashe shi tas. Da tafasasshen cokali kuwa."

Sista ta tsaya da roba a hannu. Ta kalli ta Auta, fara fat har ana hango haske ta cikinta, ta kalli na sauran. Ta rufe firijin a hankali.

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun ran farko."

"Zauna."

"Zan makara aiki."

"Zauna, don Allah."

Ta zauna a bakin kujera, kular a cinyarta. Sista ta cire tabarau ta janyo wata kujerar har gwiwoyinsu suka kusa haɗuwa.

"Abin nan da kike kwashewa, kusan rabin ƙarfin nonon a cikinsa yake. Shi ya sa na ce ta tatsa har ƙarshe, domin a ƙarshen ya fi fitowa. Kuma ba maganar ƙiba kaɗai ba ce. A watannin ƙarshe na ciki ne uwa ke tura wa ɗa wasu mayuka ta cibiya, da su ake gina ƙwaƙwalwa da ido. Naku ya fito ba a gama ba shi rabonsa ba. Ta nonon nan ake biyo shi da sauran."

Mai Ludayi ta ji ɗakin ya yi mata nisa. Ta ga kanta a gaban firijinta, safiya bayan safiya, tana karkata cokali a magudanar ruwa.

"Amma likita ya ce min kitse ne ya kashe mijina."

"Allah ya ji ƙansa. Bai yi miki ƙarya ba. Sai dai shi mijinki an gama gininsa tuntuni, abin ya yi masa yawa ne. Wannan kuwa yanzu ake ɗora bulo."

"Na kashe shi ke nan, Sista?"

"Wa kika ga ya mutu? Yana can yana harbin tiyo da ƙafa. Yunwa yake ji, kuma yunwa muna da maganinta. Laifin ma har da namu. Mun miƙa miki robobi, ba wanda ya tsaya ya gaya miki nono yana rabuwa in ya yi sanyi. Miƙo hannunki."

Ta ɗauko ɗaya daga robobin sauran matan, wadda ba a yaɗe ba, ta tsoma ta a ruwa mai ɗumi, sannan ta sa mata a hannu.

"Ba girgizawa za ki yi kamar maganin tari ba. Ki riƙa juya ta a hankali har na saman ya koma cikin na ƙasan. Zoben jikin robar ma kada ki bar shi."

Hannun da ya shekara da shekaru yana raba mai da miya ya fara juyawa. Ya kuwa iya. Nonon ya haɗe ya zama launi ɗaya, mai kauri.

Ran nan ma'aikata suka ci girkin mataimakiyarta, domin gida ta koma. Ta tarar da Auta zaune gaban keken ɗinkinta, ba ta ɗinka komai. Ta shiga kicin ta ɗauko cokalin, ta zo ta ajiye mata a cinya, ta zauna a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi a gaban 'ya'yanta ba. Ta gaya mata duka, ba ta rage ba.

Auta ba ta ɗago ba.

"Inna, na yi ta tatsa har ina kuka."

"Na sani."

"Na yi ta cewa ni ce."

"Na ji ki da kunnena."

"Ina kika riƙa kai shi?"

"Magudana."

Auta ta juya fuska ga bango. Mai Ludayi ba ta ba ta haƙuri ba, ta san ba a kai nan ba tukuna. Ta zauna kawai. Agogon bango ya yi ta tafiya, wani mai sayar da ruwa ya wuce ta ƙofar gida yana kira. Can Auta ta share ido da gefen zane.

"Nawa ba ruwa ba ne ke nan."

"Sista ta ce duk firijin nan da ƙyar in akwai wanda zai kai naki, da na bar shi."

Sista ba ta faɗi haka ba, amma Mai Ludayi ta ga kaurin abin da idonta, ta san ba ta yi ƙari da yawa ba.

"Miƙo min roba," in ji Auta. Da ta karɓa sai ta ƙara da cewa, "Kuma yau kifin da fatarsa nake so. Gwaiduwar ƙwaina ma a dawo min da ita. Wa kike ba wa ne wai?"

"Kyanwar maƙwabta."

"Shi ya sa take sheƙi, ni ina bushewa."

Dariyar ta fito musu tare da hawaye, Auta na dafe ɗinkinta tana cewa wayyo.

Sikeli bai yi tsalle washegari ba, bai yi jibi ba. Mai Ludayi ta riƙa tsayawa a bayan gilashi tana kallon fuskar Sista maimakon lambobin, domin fuskar ta fi saurin faɗin gaskiya. Sai wata safiya tana shigowa da kula ta ji Sista ta ƙwala mata kira tun daga ƙarshen baranda.

"Matar maigida! Zo ki ga mijinki ya fara tumbi!"

Daga nan bai sake komawa baya ba. Fatar aron ta fara cika, kukan ya yi ƙarfi har nas-nas suka fara ƙorafi. Auta ta samu sauƙi ta fara zuwa da kanta, aka riƙa fito da shi ana kwantar mata a ƙirji, fata da fata, a lulluɓe su da zane. Ran da ya lalubi nonon ya kama da bakinsa, Mai Ludayi ta fita baranda wai iska za ta sha.

A barandar nan ta samu sabon aiki da ba wanda ya ba ta. Duk kakar da ta gani da kula a hannu sai ta tare ta.

"Baiwar Allah, tsaya. In kin ga abu ya taso a sama, kada ki kuskura ki taɓa shi. Nasa ne. Kawo in nuna miki yadda ake juyawa."

Ran da za a sallame shi ta zuba wa ma'aikata abinci da wuri, mayafinta na fita a rataye bayan ƙofar kicin. Labari ya riga ya zaga masana'anta. Mai Walda ya miƙo faranti yana murmushi har kunne.

"Inna, an ce kun shirya da mai."

"Da na jarirai."

"To ai ni ma bakwaini ne, tambayi babata."

"Kai an gama ginin kanka tuntuni, ɗana. Abin da aka samu ke nan, sai haƙuri."

Layin ya fashe da dariya. Ta zuba masa miyarsa a yaɗe tas kamar kullum, ta ɗora masa tsokar kifi guda da fatarta, ta ce kada ya saba.

A bakin asibiti mijin Auta ya tsaya neman mota, Auta na riƙe da jaka, Sista ta fito da yaron a naɗe cikin farin tawul ta miƙa wa kakarsa. Mai Ludayi ta karɓe shi da hannu biyu. Ita da ke gane nauyin nama tun kafin mahauci ya ɗora a sikeli, ta ɗan ɗaga shi sama ta sauke, ta sake ɗagawa. Ya buɗe ido ɗaya ya kalle ta, ya yi hamma.

"To, maigida," ta ce, "ka fara nauyi. Mu je gida."